Gidan Kyaftin von Trapp: Labarin da Fim Ya Gyara wa Fuska

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Sound of Music, wanda aka gina kan labarin iyalin Kyaftin von Trapp, har ƙarshe ba zai manta da yadda ya rufe ba. Uba na gaba goye da autarsa, sauran yara na biye, amarya na tare da su, suna hawan dutse da ƙafa don su tsallaka Suwizalan, su tsere wa 'yan Nazi. Wanda ya san garin Salzburg na ƙasar Ostiriya, inda iyalin suke zaune, kuwa ya san cewa in ka haura duwatsun da suke kusa da shi, Jamus za ka faɗa, kuma a yankin Berchtesgaden, inda Hitler kansa yake da gidan hutawa. Suwizalan tana can yamma, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Iyalin na gaskiya jirgin ƙasa suka hau a 1938, da rana tsaka, da akwatunansu a hannu, suka nufi Italiya.

Wannan shi ne kuskuren da aka fi yawan ambata, amma ni ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Mai shirya fim yana da damar ya ƙawata hanyar gudu. Abin da ya fi nauyi shi ne rabon da aka yi a cikin gidan: an tattara aikin mutum 4, wato uwar da ta rasu, da uban, da wani limamin coci, da matar uba Maria, aka ɗora wa matar uban ita kaɗai. Sauran ukun, ɗaya an shafe sunanta, ɗaya an sauya masa hali, ɗaya an maye gurbinsa da mutumin da bai taɓa rayuwa ba.

Gidan kafin Maria ta shigo

An haifi Georg von Trapp a 1880 a garin Zara, wanda yau ake kira Zadar a ƙasar Kuroshiya, lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Mahaifinsa hafsan sojan ruwa ne, ya rasu Georg yana ɗan shekara 4. Yaron ya gaji aikin uba, ya shiga makarantar sojan ruwa ta Fiume yana shekara 14, har ya je ƙasar Sin a 1900 lokacin da Turawa suka haɗu suka murƙushe boren da aka yi musu a can. Daga baya ya koma ɓangaren jiragen yaƙi masu nutso ƙarƙashin teku, a zamanin da shiga irin wannan jirgi kamar shiga kabari ne da rai.

A 1911 ya auri Agathe Whitehead. Kakanta Robert Whitehead Bature ne ɗan Ingila, shi ne ya ƙirƙiro nakiyar nan mai gudu da kanta a cikin ruwa, kuma masana'antarsa tana Fiume. Dukiyar da aka gani a fim, gidan nan mai faɗi da barori, asalinta daga ɗakin wannan mata ta fito. Ta haifa masa 'ya'ya 7 cikin shekara 10: Rupert a 1911, sai Agathe mai sunan uwa, sai Maria, da Werner, da Hedwig, da Johanna, da auta Martina a 1921. Fim ya canja sunayensu duka, ya kuma mai da babbar 'ya ta zama 'yar fari a maimakon Rupert, ya kira ta Liesl, don a samu wadda za ta yi soyayya da saurayi ɗan Nazi.

Akwai abin da fim ya taƙaita a kalma ɗaya, ya ce kyaftin jarumin yaƙi ne. Ga jarumtar a fili. A daren 27 ga Afrilu 1915, jirgin da yake jagoranta, U-5, ya harbi babban jirgin yaƙin Faransa mai suna Léon Gambetta a mashigin Otranto, mutum 684 suka halaka. Daga baya, da wani jirgin, ya nutsar da jiragen kaya 11. Makamin da ya yi wannan aiki da shi kuwa shi ne wanda kakan matarsa ya ƙirƙiro. A Ostiriya an ba shi lambar girma mafi daraja ta soja. A gidajen Faransa 684 kuma an yi zaman makoki. Ban ga yadda za a ba da labarin mutumin nan da gaskiya a tsallake wannan dare ba.

Yaƙin ya ƙare a 1918, daular ta wargaje, Ostiriya ta zama ƙaramar ƙasa da ba ta taɓa teku ko ta kusurwa ɗaya. Kyaftin ya wayi gari ba jirgi, ba runduna, ba sarkin da ya yi wa rantsuwa. Bayan shekara 4, a Satumba 1922, zazzaɓi mai fesar da jan ƙuraje ya shiga gidansu a Klosterneuburg kusa da Vienna. Uwa ta yi jinyar yara, ta kamu, ta rasu tana da shekara 31. Martina ba ta cika shekara 2 ba. Ya kwashe marayunsa ya koma unguwar Aigen a gefen Salzburg.

To a nan ne fim ya nuna mana uba mai ɗaurarriyar fuska, wanda ya haramta waƙa a gidansa, yake tafiyar da 'ya'yansa kamar kuratan soja. 'Ya'yan da suka yi tsawon rai sun yi ta ƙaryata wannan har tsufansu. Sun ce ubansu mutum ne mai sanyin hali, mai zama da yara, mai kaɗa goge irin na Turawa, kuma shi da mahaifiyarsu ne suka fara sa musu son kiɗa tun suna ƙanana. Usur ɗin da yake kiran yara da shi a fim gaskiya ne, kowane yaro da irin busarsa, amma dalili shi ne filin gidan yana da girma, kira da baki ba ya kaiwa, shi kuma mutumin jirgi ne, abin da ya saba da shi ke nan. Waƙa tana gidan tun kafin Maria ta san hanyar ƙofarsa.

Marainiyar da ta zo koyar da yarinya ɗaya

Ita ma Maria Kutschera ba irin wadda jaruma Julie Andrews ta nuna a fim ba ce, kuma labarinta na gaskiya ya fi ban tausayi. An haife ta a Janairu 1905 a cikin jirgin ƙasa, kan hanyar zuwa Vienna. Uwarta ta rasu tana shekara 2, uban ya bar ta hannun dangi ya shiga yawon duniya, shi ma ya rasu tana shekara 9. Wanda ya riƙe ta mutum ne mai zafin hannu, ya kuma raine ta a kan cewa addini tatsuniya ne. Tana makarantar horon malamai ne ta shiga wani coci da zaton za a yi kiɗan Bach, sai ta tarar da wa'azi. Wa'azin nan ya juya ta gaba ɗaya. A 1924 ta shiga Nonnberg, gidan mata masu zaman zuhudu na ɗariƙar Katolika a Salzburg, da niyyar zama sista.

A 1926 aka tura ta gidan kyaftin. Ba renon yara 7 aka kira ta ba. Yarinya ɗaya ce, takwararta Maria, jinya ta raunana ta har ba ta iya takawa zuwa makaranta, aka nemi malamar da za ta koyar da ita a gida na wata 10. Sannu a hankali malama ta shiga ran sauran yaran, tana fita da su hawan dutse, tana koya musu waƙoƙin da ta sani. Kyaftin, wanda a lokacin ake maganar aurensa da wata 'yar sarauta, ya fasa, ya nemi malamar.

An ɗaura aure ranar 26 ga Nuwamba 1927, yana da shekara 47, tana da 22, wato shekara 6 kacal ta ba babban ɗansa. Ita da kanta ta rubuta a littafinta cewa ranar auren ba son mijin take yi ba, yana dai burge ta, amma yaran take so, kuma kusan a ce yaran ta aura. Ta ce ta koma Nonnberg neman shawara, manyan gidan suka ce mata auren shi ne nufin Ubangiji, ta amsa ranta na ƙuna don zaman zuhudu take so. Son mijin daga baya ya zo, ta ce kuma ya zo da ƙarfi. Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan irin wannan aure, ko a kan abin da ake nufi da budurwa ta shigo gidan da uwargida ta rasu ta bar 'ya'ya har da masu tasowa.

A lura da shekarar. Fim ya haɗa aure da gudu a cikin 'yan makonni na 1938. A zahiri shekara 11 ce tsakaninsu, kuma a cikinta Maria ta haifi Rosmarie a 1929 da Eleonore a 1931. Shekarun nan 11 da aka yanke su ne suke ɗauke da ainihin labarin.

Game da halinta, takwarar tata, wadda aka kawo ta dominta, ta faɗa a wata hira a tsufanta cewa matar ubansu tana da zafin rai ƙwarai, tana iya fashewa ba zato, su kuma ba su saba da haka ba, sai suka riƙa ɗaukarsa kamar hadarin damina, ya taso ya wuce, bayan ɗan lokaci ta dawo da fara'arta. Wato abin da fim ya yi shi ne musanya: ya ba uban zafin, ya ba matar uban sanyin.

Yadda waƙa ta zama abinci

Cikin shekarun matsin tattalin arzikin duniya, kyaftin ya kwashe dukiyar da ke ajiye a wani banki a Landan ya zuba a wani ƙaramin bankin Ostiriya na wata abokiyar arzikinsa, Auguste Lammer, don ya tallafa mata. Bankin ya durƙushe, kuɗin suka tafi. Zuwa 1935 gidan da ya saba da barori ya sallami yawancinsu, iyalin suka koma saman bene, suka zuba 'yan haya a sauran ɗakunan, ciki har da ɗalibai da malaman coci.

A nan dole a ba Maria haƙƙinta cikakke. Kyaftin ya karaya, mutum ne da aka raina a kan cewa ɗan babban gida ba ya neman kuɗi a bainar jama'a. Ita kuwa ta san talauci tun tana yarinya, bai ba ta tsoro ba. Ita ta tsara zaman haya, ita ta tsuke bakin aljihu. Zafin ran nan da yaran suke jin tsoro shi ne kuma ya hana gidan rushewa.

Ta hanyar zaman hayar ne wani matashin limamin Katolika, Fada Franz Wasner, ya shigo gidan a 1935 don jagorantar ibada. Masanin kiɗa ne na gaske. Ya ji iyalin suna waƙa, ya gyara musu kuskure, daga nan ya zama malaminsu. Shi ya koya musu tsofaffin waƙoƙin coci da na ƙarnonin baya masu muryoyi daban-daban, shi yake tsara wa kowa muryarsa, ya sa su busa sarewa da kaɗa tsofaffin kayan kiɗa, yana horar da su awoyi a kullum. Ya zauna da su shekara kusan 20, ya bi su gudun hijira. A fim babu shi. An sa wani Max Detweiler, dillalin mawaƙa mai son banza, a gurbinsa. Mutumin da ya mai da waƙar falo ta zama sana'a, ko sunansa mai kallo ba zai ji ba.

A 1936 shahararriyar mawaƙiya Lotte Lehmann ta ji su, ta matsa musu su shiga wata gasar waƙa a Salzburg, suka ci. Suka yi waƙa a rediyo, suka yi a gaban shugaban gwamnati Kurt Schuschnigg, suka fara zagaya ƙasashen Turai. Kyaftin bai so ganin 'ya'yansa a dandamali ba, ya haƙura ne don babu yadda zai yi.

1938

A Maris 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, kuma jama'a da yawa sun fito da furanni suna maraba. Iyalin da ba su da kuɗi sai ga tayi yana zuwa musu ta ko'ina. An yi wa kyaftin tayin komawa aikin da ya fi so a duniya, a rundunar ruwan Jamus. An yi wa Rupert, wanda ya gama karatun likita, tayin aiki a wani asibitin Vienna, a daidai lokacin da ake korar likitoci Yahudawa ana neman masu cike gurbinsu. An gayyaci iyalin su yi waƙa a bikin ranar haihuwar Hitler. Duka ukun suka ƙi, kuma kyaftin ya ƙi kafa tutar Nazi a gidansa.

A ganina wannan ya fi hawan dutse da dare girma nesa ba kusa ba. Ba Yahudawa ba ne, ba wanda yake farautarsu. Da sun ce to, da sun koma cikin daula a wata ɗaya. Mutumin da ya yi shekara 20 yana kewar teku an miƙo masa teku, ya mayar. Fim ya taɓa batun kiran aikin soja, amma da yake ya nuna su cikin arziki har ƙarshe, mai kallo ba ya sanin cewa masu yunwa ne suka ture akushi.

Abin da ya fitar da su kuwa takarda ce. Garin Zara, inda aka haifi kyaftin, ya koma hannun Italiya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, don haka shi da iyalinsa suna da izinin zama 'yan ƙasar Italiya. Suna kuma da yarjejeniyar zuwa waƙa a Amurka. Tashar jirgin ƙasa ta Aigen tana dab da gidansu. Suka hau, Maria na ɗauke da ciki, Fada Wasner na tare da su, suka sauka Italiya, daga can Landan, daga can jirgin ruwa zuwa New York. Dubban maƙwabtansu Yahudawa da suka fi su bukatar fita ba su da irin wannan takarda. Gidan da suka bari daga baya Heinrich Himmler, shugaban SS, rundunar musamman ta 'yan Nazi, ya mai da shi masaukinsa.

Amurka

Sun isa kusan hannu rabbana. An haifi auta Johannes a Philadelphia a Janairu 1939. Bizarsu ta baƙi ce, da ta ƙare suka fita zuwa ƙasashen arewacin Turai suna waƙa, suka dawo a Oktoba 1939 yaƙi ya riga ya ɓarke. A wannan dawowar aka tsare su na 'yan kwanaki a tsibirin Ellis, saboda jami'i ya tambayi Maria tsawon zaman da za su yi, ita kuma cikin murna ta ce ba ta son ta sake barin ƙasar.

Amurkawa ba su karɓe su nan take ba. Waƙoƙinsu na coci sun yi wa masu sauraro nauyi, shigarsu ta yi duhu, ba sa murmushi. Sabon manajansu, Freddy Schang, ya sa suka sassauta, suka ƙara waƙoƙin gargajiya da na Turanci, suka koma amsa sunan Trapp Family Singers. Daga nan kasuwa ta buɗe, suka riƙa kwashe watanni a cikin bas suna bin garuruwa. A 1942 suka sayi gona a Stowe, jihar Vermont, don duwatsun wurin sun tuna musu gida. Rupert da Werner suka shiga sojan Amurka, aka tura su fagen daga a Italiya, ƙasar da takardarta ta cece su. Bayan yaƙi iyalin suka kafa gidauniyar aika abinci da tufafi zuwa Ostiriya. Kyaftin ya rasu ranar 30 ga Mayu 1947, ciwon dajin huhu ya ɗauke shi, shekara 2 kafin matarsa ta fitar da littafin da duniya za ta san shi ta cikinsa.

Ƙungiyar waƙar ita ce abincin gidan, kuma duk wanda ya fita ya bar giɓi a muryoyi. Saboda haka Maria ta riƙe 'ya'yan da ƙarfi, har waɗanda suka haura shekara 30, ba ta son jin zancen aure ko wata sana'a. Rosmarie, 'yarta ta cikinta, ta sha wahala da tsoron dandamali, ta kuma yi rashin lafiyar ƙwaƙwalwa bayan rasuwar ubanta. Martina ta rasu wurin haihuwa a 1951. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki, aka riƙa ɗauko bare ana cikewa, har aka rufe a tsakiyar shekarun 1950. Fada Wasner ya tafi aikin mishan a Fiji. Maria ƙarama ta yi shekara kusan 30 tana irin wannan aiki a Papua New Guinea.

Yadda labarin ya fita daga hannunsu

Littafin Maria ya fito a 1949. Wani furodusa Bajamushe, Wolfgang Reinhardt, ya sayi haƙƙin mai da shi fim a kan dala 9,000, biya ɗaya, ba kaso a riba. Fim ɗin Jamusanci ya fito a 1956 ya yi kasuwa. Daga nan haƙƙin ya wuce Amurka, Richard Rodgers da Oscar Hammerstein suka yi masa waƙoƙi, aka fara wasan dandamali a New York a Nuwamba 1959. Fim ɗin The Sound of Music na darakta Robert Wise ya biyo a 1965, ya ci kyautar Oscar 5, ya shiga sahun finafinan da suka fi kawo kuɗi a tarihi. Abin da ya kai hannun iyalin ɗan kaɗan ne, kuma ba su da ta cewa a kan yadda aka siffanta su. Waƙar Edelweiss ta cikin fim ɗin, wadda mutane da yawa suke ɗauka tsohuwar waƙar Ostiriya ce, a Amurka aka rubuta ta a 1959, ita ce ta ƙarshe da Hammerstein ya rubuta kafin rasuwarsa. A Ostiriya kanta fim ɗin bai samu karɓuwa ba, sai a 2011 aka fara yin wasan a babban gidan wasan kwaikwayo na Salzburg.

Ba na zargin Maria da ƙarya. Ta rubuta abin da ta gani daga inda take tsaye, kuma labarinta ya fara ne daga ranar da ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ma ta nuna rashin jin daɗin yadda aka taurara mijinta. Amma gidan ya yi shekara 15 da kafuwa kafin wannan rana, kuma waɗanda suka san shekarun nan ba su ne suka riƙe alƙalami ba. Masu wasan kwaikwayo sun zo suka ƙara nasu, don labari yana bukatar wanda za a narkar wa zuciya, mamaci kuma ba ya gardama.

Babbar 'yarsa Agathe, wadda aka mai da ita Liesl mai rawa da saurayi cikin ruwan sama, mace ce mai kunya da ta yi shekaru tana tafiyar da makarantar yara ƙanana a jihar Maryland. Ta daɗe ba ta son a haɗa ta da fim ɗin. Sai da ta kai shekara kusan 90 ta fitar da nata littafin, ta ba da labarin uban kamar yadda ta san shi, da na uwar da ta rasa tana shekara 9, da zaman da suka yi a bakin tafkin Zell am See lokacin yaƙin farko. Ta rasu a Disamba 2010 tana da shekara 97. Ƙanwarta Maria, ta ƙarshe cikin 'yan ɗakin uwargida, ta bi ta a 2014 tana da 99.

Kyaftin da Maria, wadda ta rasu a 1987, suna kwance a maƙabartar iyali a Stowe, kusa da masaukin baƙin da ke ɗauke da sunan gidan. Agathe Whitehead tana can Klosterneuburg inda aka binne ta a 1922. Fim ɗin ya kusa awa 3, ba a kira sunanta ko sau ɗaya ba.